Martani: A Kan Wa Aka Ɗauko Arzikin Kuza?

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan zamanin haƙar kuza a ƙasar Jos. Hujjarsa ta tsaya a kan abu uku. Na farko, ya ce kakanninmu da suka yi aikin kuza da ƙafarsu suka tafi neman na kansu, ba wanda ya tilasta musu. Na biyu, ya ce aikin ya biya su, domin shi ya kawo jirgin ƙasa da lantarki da albashi a karkarar da ba ta san ko ɗaya ba. Na uku, ya ce matasan yau su dubi waɗancan bayin Allah su ji kunya, su daina ƙorafi su kama aiki.

Malam, a kan juriyar mutanen nan ba mu da saɓani. Sun yi aikin da kaɗan daga cikinmu za su iya yi na mako guda. Inda na rabu da kai shi ne yadda ka ɗauki wahalarsu ka mai da ita ado, ka yabi haƙurin wanda aka zalunta, ka yi shiru a kan wanda ya zalunce shi. Tarihin nan rubutacce ne. Masanin tarihi Bill Freund, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya wallafa littafi sukutum a kan leburorin kuza a 1981, bayan ya bi takardun gwamnati da na kamfanoni. Ga kuma abin da tsofaffi suka bar wa 'ya'yansu a baka. Duk wanda ya haɗa biyun ba zai kira wancan lokaci zamanin jin daɗin lebura ba.

Mu fara da abin da ka tsallake gaba ɗaya. Ka rubuta kamar Turawa ne suka koya wa mutanen ƙasar nan mene ne kuza. Tun kafin zuwansu akwai masu wanke kuza a rafuka da masu narka ta a Ririwai ta kudancin ƙasar Kano da Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi. Suna zuba ta siraran sanduna, fatake su saya su kai kasuwanni masu nisa. Waɗannan sandunan ne ma 'yan Kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa, suka shiga neman inda ake samo su. A 1902 kamfanin ya tura masu bincike, ba da jimawa ba Kanar Laws ya hau tudun Jos da rakiyar sojoji ya kafa sansani a Naraguta. Dokar mulkin mallaka ta mai da duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakin gwamnati, ita ke yanka fili ta ba kamfanin da ta ga dama. Cikin 'yan shekaru sana'ar narka kuza ta gargajiya ta mutu. Mai sana'ar kansa ya koma ɗan ƙwadago a rafin da ubansa ya yi wanki. Daga nan kuma ɗanyar kuza aka riƙa lodawa zuwa Ingila a narke ta can, har farkon shekarun 1960 da aka gina matatar Makeri a Jos.

Sai maganar tafiya da ƙafa. Gaskiya ne da yawa ba a ɗaure su da igiya ba. Amma me ya fitar da manomi daga Katsina ko Haɗeja ko Misau ya nufi ƙasar duwatsu da sanyi, inda ba ya jin yaren mutanen gari? Haraji ne. Bayan cin Bauchi a 1902 da Kano da Sakkwato a 1903, sabuwar gwamnati ta riƙa matsa wa mutane su biya haraji da kuɗin Bature, ta ture wuri da biya da hatsi ko tufafi. Manomin da ke da rumbu cike da gero amma ba shi da sule ko ɗaya ya zama mai laifi a gaban dagaci. Hanya biyu ta rage masa: ya karyar da hatsinsa a kaka lokacin da ba shi da daraja, ko ya tafi inda ake biya da tsabar kuɗi. Jami'an mulkin mallaka sun san haka sarai, sun kuma ɗauki haraji a matsayin abin da zai kora mutane zuwa wurin aikin albashi. Ga kuma yunwa. Lokacin Kakalaba, a 1913 zuwa 1914, mutane sun watsu neman abin kai wa baka, barikokin kuza kuma suka samu hannuwa a araha. A cikin leburorin farko har da bayin da suka bar iyayengijinsu, ba su da gona ba su da dangi, ba abin da za su sayar sai ƙarfinsu. Wanda haraji da yunwa suka koro, ba a cewa zaɓi ya yi.

Ko da mun bar wannan, akwai shekarun da ba a ɓoye tilas ɗin ba, kuma ban ga ka ambace su ko da layi ɗaya ba. A farkon 1942 sojojin Japan suka mamaye Malaya, wadda a lokacin ita ce kan gaba wajen fitar da kuza a duniya. Ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ana buƙatar kuza don gwangwanin abincin soja da haɗa kayan yaƙi, sai aka juyo kan Jos. Gwamnati ta kafa dokar ɗibar mutane dole zuwa wurin haƙa, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Aka yanka wa larduna adadin da za su kawo. Umarni ya sauko daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. Kowa ya san wanda ake fara nunawa a irin wannan hali: talakan da ba shi da abin ba da toshiya, ba shi da wani babba a fada. Mai hali ya fanshi kansa, marar hali ya bar gona da iyali ya bi ayari.

Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutane kimanin 100,000 ta wannan hanya, kowane rukuni ya yi kusan wata huɗu kafin a kawo wani. An kwaso su daga ƙasashe masu zafi, da 'yar taguwa a jiki, aka sauke su a tudun da ya haura mita 1,200, inda sanyin hunturu ke shiga har ƙashi. Bukkokin da aka tanada ba su isa ba, abinci bai wadata ba, magani kuwa sai wanda ya gani. Ciwon huhu da sanƙarau da atuni suka yi ta ɗaukar mutane. Dubbai suka gudu cikin dare, suka gwammace fushin hakimi da zaman bariki. Don a ciyar da wannan taro aka riƙa karɓar hatsi daga ƙauyuka a farashin da gwamnati ta yanka, a daidai shekarun da ƙasar Hausa ke fama da ƙarancin abinci. Wato an cire majiya ƙarfi daga gona, an kuma bi su da abin da ya rage a rumbu. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Duk wannan ya faru ne bayan Ingila ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta yi hani ga aikin tilas, aka fake da uzurin yaƙi. Har a majalisar dokokin Ingila an samu waɗanda suka tashi suka soki abin, kuma a 1944 aka dakatar da shi. Malam, idan har a Landan an samu masu jin nauyin wannan aika-aika tun a lokacin, bai kamata jikan wanda aka ɗiba ya zo yau ya shafe shi daga labari ba.

Yanzu mu dubi aikin kansa, domin ka yi ta ambaton albarkar gumi ba ka faɗa wa mai karatu yadda gumin yake zuba ba. Kuzar Jos tana kwance ne a cikin tsakuwar tsofaffin magudanan ruwa, wani wuri a sarari, wani wuri ƙarƙashin ƙasa mai kauri. Kafin a kai gare ta sai an kwashe duk ƙasar da ke bisa. Kayan aikin su ne diga da shebur da kwanon sarki. Wasu na sara, wasu na lodi, wasu na ɗauka a ka su hau gangaren rami su zubar su dawo, tun hantsi bai yi ba har rana ta karkata. In an kai ga tsakuwar mai kuza, sai a kai ta wurin wanki, inda mutum zai wuni tsaye cikin ruwan sanyi yana juya ƙasa, ruwa ya tafi da yashi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta. Heluma na tsaye yana ƙirga, domin aikin yanka ne: wanda bai cika abin da aka yanka masa ba, ladansa ya ragu. Mata suna cikin masu ɗaukar kwano, musamman matan ƙauyukan da ke kewaye, wasu da goyo a baya, yara ma suna ciki. Gefen rami kan rufto da damina ya binne na ƙasa. Kafin jirgi ya iso kuwa, a ka ake ɗaukar buhunan kuza, 'yan alaro su yi tafiyar kusan mil 200 zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa.

Daga baya manyan kamfanoni sun kawo injunan haƙa da famfunan tsotsar ƙasa. Duk da haka aikin hannu bai gushe ba, saboda a wurare da yawa kan mutum ya fi inji araha. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka matsayin ladan. Shekaru da dama abin da lebura ke samu a yini yana tsakanin sisi da nai. Daga ciki zai ci, a ƙasar da ba ta noma abin da zai ishi wannan taro, sai an kawo dawa daga nesa a sayar da tsada. Daga ciki zai cire na haraji, ya cire na heluman da ya sa shi a layi. Masu wanke kuza da kansu a filin kamfani, waɗanda ake biya bisa nauyin abin da suka kawo, ba su da ikon sayar wa kowa sai mai filin, a kan ma'auninsa da farashinsa. Bariki kuma an bar shi da caca da giya da gidajen mata masu zaman kansu, kuma masu kamfani ba su damu ba, domin leburan da kuɗinsa ya ƙare ranar biya dole ya koma rami washegari. Wanda ya karye ko ya tsufa, sallama ce kawai. Sai a 1941 aka yi dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, kusan shekara arba'in bayan fara haƙa. Da kasuwar duniya ta faɗi daga 1929, aka kuma ƙayyade yawan kuzar da kowace ƙasa za ta fitar a 1931, fiye da rabin ma'aikatan aka kora, ba fansho ba kuɗin mota.

Ka kafa hujja da jirgin ƙasa da lantarki. To, mu tambaya don wa aka yi su. Ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya isa Jos da Bukuru a 1914 an shimfiɗa shi ne don a sauko da kuza a hau da injuna. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, darajar ƙaramin ta fara raguwa, a 1957 aka rufe shi, ba a tambayi ƙauyukan da ke kan hanyarsa ba. Lantarkin da kamfanin NESCO ya fara samarwa daga ruwan Kurra wajen 1930 an ja shi ne zuwa famfunan ramuka da gidajen manyan ma'aikata. Leburan da ya haƙa madatsar ruwan da acibalbal ya kwana. Ina kuɗin ya tafi? Ga misali ɗaya da ya isa. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, ta biya shi diyya, ta kuma yi masa alkawarin rabin kason da gwamnati za ta karɓa a kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Kamfanin UAC ya gaji wannan haƙƙi, ya ci gaba da karɓa ba tare da ya ɗaga shebur ba, har sai da gwamnatin Nijeriya ta fanshe shi da fam miliyan ɗaya wajen 1950. Ribar haƙar kanta kuwa ta masu hannun jari ce a Landan. Hausawa sun riga sun faɗi sunan wannan ciniki: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma waɗanda ba ka ambata ba ko kaɗan, wato masu ƙasar da aka haƙa. Birom da maƙwabtansu sun ga sojoji sun shigo musu, sun ga an yanka gonakinsu an ba kamfanoni, an karkatar da rafukan da suke sha. Diyyar da aka ba su ba ta kai amfanin gonar 'yan shekaru ba, ƙasar kuma ta lalace har abada. Da gona ta ƙanƙance, haraji kuma bai ragu ba, su ma suka ɗauki kwanon sarki a kan filin da iyayensu suka noma acca. Wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi, ko ya leƙa Bisichi da Dorowa da Sabon Gidan Kanar, zai ga tuddan jar ƙasa da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da aka bari ba a cike ba. Har yau suna cin mutane da dabbobi. Bahaushen da aka koro daga gonarsa da Birom ɗin da aka ƙwace wa tasa, rami ɗaya suka shiga, heluma ɗaya ya ƙirga musu kwano. Wannan tarihi ne da ya kamata jikokinsu duka su sani.

Ba na musun cewa wasu sun amfana. Akwai ɗan cin rani da ya koma gida da kuɗin aure da turmin atamfa. Akwai wanda ya fara da kwano ya zama heluma, ya zama ɗan kwangila, ya gina gida a Jos. Akwai mahauta da masu tuwo da dillalan hatsi da teloli da suka kafu a gefen barikoki, kuma daga nan garuruwa suka tashi. Amma waɗannan da dabararsu da taimakon junansu suka tsira da wani abu. Ba a tsara aikin don su samu ba. In ka ɗauki mutum ɗaya da ya yi arziki ka rufe dubu da suka koma gida da tari da ciwon baya, ko waɗanda ba su koma ba sam, ka ba da labarin da bai cika ba.

Kuma ba daidai ba ne a ce sun yi haƙuri sun yi shiru. Gudu daga bariki ƙin yarda ne. Barin kamfani mai mugun heluma a koma wani ƙin yarda ne. Bayan dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938, da kuma bayan yaƙi, ma'aikatan kuza sun kafa ƙungiyoyinsu, sun yi yajin aiki a shekarun 1950 a kan lada da yanayin aiki, a zamanin da kowa ya san abin da ya faru a Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, inda 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21. Duk ƙarin da lebura ya samu, da tsayuwarsa ya same shi. Saboda haka in za a ce matasa su yi koyi da kakanninsu, to a haɗa har da wannan: sun san ƙimar guminsu, sun kuma nemi a biya su.

Abin da ya sa na ga dole in yi wannan martani shi ne maganar ba ta wuce ba. Manyan kamfanoni sun tattara sun tafi, musamman bayan rushewar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985, amma haƙa ba ta tsaya ba. Yau matasa ne da mata ke shiga ramuka masu zurfi da igiya da tocila, a Filato da Bauchi da Nasarawa da Neja da Zamfara, suna sayar wa dillalin da shi ke riƙe da ma'auni. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Masu shiga ramukan nan su ne matasan da kake kira malalata. Suna aikin da kakanninsu suka yi, da kayan aiki kusan iri ɗaya, ba hular kwano, ba asibiti a kusa, ba diyya in rami ya rufta. Duk marubucin da ya koya wa jama'a cewa wahalar lebura abin sha'awa ce, ya sauƙaƙa wa masu cin guminsu na yau, ko bai yi nufin haka ba.

Ina kira gare ka, Malam, da ka koma ka sake duba wannan tarihi, ka zauna da tsofaffin da suka rage a Bukuru da Barikin Ladi da ƙauyukan da aka yi ɗiban gwamna, ka rubuta abin da suka ji daga iyayensu kafin su ma su tafi. Ina kira ga malaman tarihi a jami'o'inmu su fitar da wannan labari da Hausa, a sa shi a littattafan makaranta. Ina kira ga gwamnatocin jihohin da ake haƙa da ma'aikatar ma'adinai ta tarayya su cike ramukan da aka bari, su sa ido a kan ma'auni da farashi, su hana sa yara aikin rami, su tilasta wa duk mai lasisi biyan diyya ga wanda ya ji rauni da iyalan wanda ya rasu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a biya ɗan ƙwadago haƙƙinsa ba tare da jinkiri ba. Leburorin kuza ba a biya su nasu ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ramuka da barikoki da kan hanya, Ya ba mu ikon tsaya wa na raye.